Mun Yi Kukan George Floyd, Wa Zai Rubuta Bakolori?

Duk mai karanta littattafan Hausa na waya ya san wannan fage, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. An sace wa jaruma sarƙar gwal, ko an yi mata sharri, ko an zuba mata wani abu a abinci. Zargi ya faɗa kan direba, ko mai gadi, ko 'yar aiki. Sai jarumin, wanda ɗan mai kuɗi ne ko babban jami'i, ya ɗaga waya ya kira DPO. Kafin a kai ƙarshen shafi mota ta iso, an tasa ƙeyar wanda ake zargi, jarumin yana cewa a ajiye masa shi, kada a ba da beli sai ya waiwayo. A babi na gaba sai a nuno mana shi a bayan kanta, fuska a kumbure, ba ya iya tsayuwa, yana zayyana gaskiya tiryan-tiryan. Makirci ya tonu, marubuci ya huta, mu kuma masu karatu mu cika zauren WhatsApp da "maganinsa ke nan" da "Allah ya ƙara".

A waɗannan wayoyin ne dai muka kalli mutuwar George Floyd. Ranar 25 ga Mayun 2020, a birnin Minneapolis na Amurka, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wannan baƙar fata da gwiwa fiye da minti tara, yana cewa ba ya iya numfashi, har rai ya yi halinsa. Mun yi tir, mun yi Allah wadai, wasunmu sun sa hotonsa a shafukansu. Da dare ya yi muka koma kan littafinmu, muka ci gaba da tafa wa jarumin da ya sa aka karya ƙafar mai gadi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan sharhi kan tudun da muke tsaye a kai ne: yadda adabinmu na zamani yake nuna ɗan sanda da wanda ya faɗa hannunsa, da abin da ya koya mana mu ɗauka ba komai ba.

Ya kamata mu fara da tambayar abin da ya sa sunan Floyd ya zagaya duniya. Ba shi ne na farko ba. A ranar 4 ga Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu masu farin kaya sun harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, wani matashin Bafulatani ɗan ƙasar Gini, a ƙofar gidan da yake haya a New York. Guda 19 suka same shi. Jakar kuɗinsa ce ya ciro daga aljihu, suka ce sun zaci bindiga ce, kuma a 2000 kotu ta wanke su duka. Bambancin Floyd shi ne wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya a gefen titi ta riƙe wayarta har abin ya ƙare. Sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar ta nuna kamar rashin lafiya ce ta taso masa. Bidiyon yarinyar ne ya ƙaryata su, shi ne kuma ginshiƙin shari'ar da ta kai ga ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi a 2021.

Amma bidiyo kaɗai bai isa ya fitar da miliyoyin mutane kan titi ba. Kafin ranar, marubuta da masu fim baƙar fata sun daɗe suna gyara idon jama'a. A 2013, shekarar da aka fara taken Black Lives Matter, wato ran baƙar fata ma rai ne, Ryan Coogler ya fitar da fim ɗin Fruitvale Station, wanda ya bi wunin ƙarshe na rayuwar Oscar Grant kafin ɗan sanda ya harbe shi a tashar jirgin ƙasa. A 2017 Angie Thomas ta fitar da ƙagaggen labarinta The Hate U Give, inda ta miƙa bakin ba da labari ga yarinya 'yar shekara 16 da ke zaune a cikin mota lokacin da aka harbe abokinta. Dabarar duka biyun ɗaya ce: sun ɗauke mai karatu daga bayan mai kaki, sun zaunar da shi kusa da wanda aka tare. Idan ka yini da mutum, ka ga uwarsa, ka ga bashin da ake binsa da ƙaryar da ya yi wa budurwarsa, ba za ka iya jin labarin mutuwarsa ka ce "wa ya san abin da ya yi" ba.

To mu fa? Wani zai ce ai mu ba mu da wannan matsala, tunda mai dukan da wanda ake duka duk fatarsu ɗaya. Mu mutanen wannan yanki na Talata Mafara, Bakura da Maradun ba mu da damar faɗin haka, domin a ƙasarmu aka yi Bakolori.

A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na Italiya kwangilar gina madatsar ruwa a kan gulbin Sakkwato, tare da shirin noman rani na dubban kadada. An gama ginin dam ɗin a 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban iyalai. Waɗanda ke ƙasan dam kuma aka karɓe gonakinsu don a baje su a ja magudanai, suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Diyyar gidaje da itatuwa da amfanin gona ta zama sai an bi ta hannun wane da wane, wasu an ba su abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ko sisi. Manoma sun kai kuka har sun gaji, sannan suka tare hanyoyin shiga wurin aikin suka tsayar da shi. Lokacin mulkin farar hula ne, Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato. A ƙarshen watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Sun buɗe wuta, sun ƙona gidaje, kuma Birnin Tudu na cikin wuraren da abin ya fi muni. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu bincike da 'yan adawa suka ce sun haura 380.

A dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Cikinta akwai mutane sama da ɗari uku da hukuma ta ce ba su mutu ba, ko ma ba a taɓa yin su ba. Babu waya mai kyamara a Birnin Tudu a 1980. Abin da ya rage a rubuce, malaman jami'a ne irin su Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman suka tattara, da Turanci, a littattafai da mujallun da jikan manomin Bakolori ba zai taɓa gani ba. Sai mai karatu ya tambayi kansa: a cikin ɗaruruwan littattafan da suka ratsa wayarsa, nawa ne suka kai shi wannan rana? Mu dai mun karanta labaran da aka yi a Dubai da Landan da Istanbul, waɗanda marubutansu ba su taɓa zuwa can ba, amma ba mu ci karo da wanda ya zaunar da mu a zauren wani magidanci a Birnin Tudu a daren da motocin suka shigo ba. Yaran da ke kamun kifi a dam ɗin yau da yawansu sun san ruwan, ba su san abin da aka biya kafin a tara shi ba.

Wannan shiru bai tsaya kan Bakolori ba. Idan aka duba da kyau, 'yan sanda iri uku ne suke yawo a littattafanmu da finafinanmu.

Na farko shi ne ango. Dogo ne, kyakkyawa, miskili, mai muƙamin ASP ko DSP, ko kuma a mayar da shi kyaftin ɗin soja. Kakinsa ado ne kamar agogonsa da motarsa. Idan ya mari wani a titi, ana so mu ji cewa namiji ne. Idan ya shiga ɗakin bincike ya cire bel, ana so mu ji cewa yana kishin matarsa. Zafin hannunsa wani ɓangare ne na kwarjininsa, kuma 'yan mata 'yan shekara sha biyar suna karanta wannan suna haɗa mugunta da soyayya a zuciya ɗaya.

Na biyu shi ne abin dariya, wanda muka fi gani a finafinan barkwanci: mai tumbi, mai hula a karkace, yana karɓar na goro a bakin titi, yana arcewa idan ya ji ƙarar fashewar taya. Wannan ya fi na farko gaskiya, amma dariyar tana wanke shi. Wanda ka yi wa dariya ba ka jin tsoronsa, kuma ba ka neman a tuhume shi.

Na uku shi ne sandar mai kuɗi, wanda muka fara da shi. Ba shi da suna, ba shi da gida, aikinsa kawai ya zo idan Alhaji ya kira. Abin damuwa shi ne labaran ba sa nuna wannan a matsayin ɓarna. Suna nuna shi a matsayin adalci, muddin Alhajin yana ɓangaren jaruma. Idan muguwar kishiya ce ta sa aka kulle wani, zalunci ne. Idan jarumi ne ya sa, sakayya ce. Caji ofis ɗin ɗaya ne, kulkin ɗaya ne.

A nan akwai aibi na fasaha kafin a zo ga na ɗabi'a. Duka a bayan kanta gajeriyar hanya ce ga marubucin da ya ƙulla zare ya kasa warwarewa. Maimakon ya gina hujja, ya sa wani ya lura da abin da kowa ya tsallake, ya bar mai laifi ya kama kansa da bakinsa, sai ya kira 'yan sanda su daki gaskiya ta fito. Kuma a labaranmu duka ba ya kuskure: duk wanda aka daka, shi ne ya yi. A zahiri wanda aka rataye zai amsa ko da kisan kakansa ne. Shi ya sa Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, abin da labaranmu suke yi ba ko ƙyaftawa, a ɗauke uwa don ɗa ya fito. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na nesa. Yawancin masu karatunmu ba za su taɓa buɗe waɗannan dokoki ba. Abin da suka sani game da haƙƙinsu a gaban ɗan sanda, daga labari da fim suka koya, kuma abin da muka koya musu shi ne mai kuɗi yana iya ajiye mutum "sai ya waiwayo".

Akwai martani mai ƙarfi ga duk wannan, kuma ba za mu kauce masa ba, don mu ma muna jin sa a jikinmu. Za a ce: ku da 'yan bindiga suka hana noma, ku ne za ku zauna kuna sukar jami'an tsaro? A ranar 1 ga Satumban 2021 aka shiga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta nan Kaya aka kwashe ɗalibai sama da saba'in. Kafin nan, a Fabrairun shekarar, an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, a watan Agusta kuma aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Mutumin da ya kwana a daji yana jiran asuba, ɗan sanda yake roƙon Allah ya kawo masa, ko wane iri ne. 'Yan sandan nan kuma 'ya'yan talakawa ne, ana kashe su a kan hanyoyinmu, ana barin matansu da marayu. Wannan ne ya sa lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 da yawa a Arewa suka ja baya, gwamnonin Arewa ma suka fito suka ce rundunar tana da amfani a yankinsu, duk da cewa Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rusa ta ranar 11 ga watan.

Duk wannan gaskiya ne. Amma buƙatar kariya ba ta soke buƙatar a tambayi mai karewa. Jangebe ma ta nuna haka. A ranar da aka mayar da 'yan matan ga iyayensu a farkon Maris, hatsaniya ta tashi don iyaye suna so su tafi da 'ya'yansu kafin dare ya yi musu a hanya, jami'an tsaro suka yi harbi, aka zubar da jini a ranar da ya kamata ta zama ta murna. Fim ɗin binciken da BBC ta fitar kan 'yan bindigar Zamfara a 2022 ya nuna wani ɓangare na abin da ya faru, kuma abin da ya biyo baya shi ne hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ci tarar tashoshin da suka nuna irin waɗannan finafinai naira miliyan biyar-biyar. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ƙungiyar Amnesty ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna, Borno da Neja, rundunar ta musanta. A watan Nuwamba kuma duk mun ga yaran Arewa suna yanke jiki suna faɗuwa a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bayan watanni a tsare. Ashe ba matsalar Legas kaɗai ba ce.

Maganar launin fata kuma, gaskiya ne ba ita ce ke raba mu ba, amma muna da namu ma'aunin. A Amurka ana duban fata a yanke hukunci kafin a yi tambaya. A nan ana duban sutura, da aski, da harshe, da ƙabila. Saurayi mai tara gashi ɗan daba ne. Mai tsohon babur da ba ya jin Turanci abin tatsa ne. Bafulatani mai rawani da sanda a kasuwar ƙauye ɗan bindiga ne har sai ya tabbatar da akasin haka, kuma sau da yawa 'yan sa-kai ba su ba shi wannan damar ba. Kowa a Zamfara ya san irin rawar da wannan kisan ba shari'a ya taka wajen hura wutar da ke cinmu, kamar yadda kowa ya san ta'asar da 'yan bindiga suke yi wa Hausawa da Fulani baki ɗaya. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa Amadou Diallo a New York, ya kamata ya iya jin zafin na ɗan'uwansa a kasuwar garinsu. Labari ne kaɗai yake iya riƙe waɗannan gaskiya biyu a tafi ɗaya ba tare da ya zubar da ɗaya ba. Sanarwar gwamnati ba ta iyawa, rubutun Facebook ma ba ya iyawa.

Kada kuma mu dogara da cewa yanzu kowa na da kyamara a aljihu. Kwana biyu bayan sace ɗaliban Kaya aka ba da umarnin katse layukan waya a faɗin Zamfara, muka yi makonni ba kira ba intanet. Duk abin da ya faru a dazuka da ƙauyuka a wannan tsakani, mai kyau da marar kyau, ya faru ne kamar a 1980. Mu da sana'armu ta shafi kwamfuta mun san abin da ba a adana ba, da wuta ta ɗauke ya tafi. Shaidar da ake iya kashewa da wasiƙa ɗaya daga Abuja ba abin jingina ba ce. Wadda ke cikin kan mutane, idan aka rubuta ta, ta fi wuyar gogewa.

Ba daga sama za a fara ba. A farkon shekarun 1980 marubutan Hausa sun taɓa duban ƙarfin hukuma ido da ido. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Tura Ta Kai Bango kan siyasar talakawa da danniya. A 'yan shekarun nan Elnathan John, a littafinsa Born on a Tuesday na 2015, ya shigar da mai karatu ɗakin tsarewa tare da almajirin da yake ba da labarin. Sai dai da Turanci ya yi, kuma waɗanda abin ya fi shafa ba da Turanci suke karatu ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna cewa matanmu suna iya rubuta gudun hijira da fyaɗe da talauci ba tare da sun ɓoye fuska ba. Hannun da ya iya wannan zai iya caji ofis.

Mun san akwai tsoro. Masu fim suna da hukumar tace finafinai a kansu, kuma a 2022 rundunar 'yan sanda ta gargaɗi masu fim da barkwanci kan sa kakinta ba da izini ba. Amma marubucin waya ba ya buƙatar kaki, ba ya buƙatar kyamara, kuma ba a ce ya ambaci sunan kowa ba. Abin da muke nema ƙarami ne. Idan za a kai mai gadi bayan kanta, a bi shi ciki, a bar mu mu kwana da shi, mu ga matarsa tana sayar da akuya don belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne. Sau ɗaya dai, a bar wanda aka daka ya zama ba shi ya yi ba, a ga yadda jarumi zai kalli kansa. A rubuta mana ɗan sanda mutum: mai albashin da ba ya kai wata, mai tsoron hanyar da aka tura shi, wanda aka ba umarnin da ya san haramun ne, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. Wannan ba cin mutuncin aikin ba ne, ya ma fi angon nan mai bel girmama shi.

Sannan a rubuta Bakolori. Wanda yake saurayi ɗan shekara ashirin a 1980 yanzu ya haura sittin. Suna nan a Birnin Tudu da Maradun da Talata Mafara da ƙauyukan da ke kewaye da dam, wasu suna zaune a gindin bishiya da carbi, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Kowace damina ana rasa wasu. Marubucin da ke da waya mai ɗaukar murya da kuɗin mota zai iya zuwa ya gaishe su, ya zauna, ya ce: Baba, a ranar kana ina?